Jan Kaya Ba Wuya, Tsai Da Shi Ne Aiki

Akwai wani bawan Allah Bahaushe, haifaffen unguwar Sabo ta Shagamu, wanda neman ilmi ya kai shi ƙasar Amurka, neman abinci kuma ya zaunar da shi can. Aikin jinya yake yi a wani asibiti cikin garin Aurora, wanda ke manne da birnin Denver na Jihar Kolorado. Yana da mata ɗaya da 'ya'ya uku. Mahaifinsa tsohon direba ne, ya shekara talatin da 'yan kai yana jigilar goro daga ƙasar Yarbawa zuwa Arewa cikin babbar motar katako ƙirar Marsandi 911. Saboda haka mutumin nan a tasha ya buɗe ido. Tun yana ɗan ƙanƙane yake tsayawa yana kallon 'yan lodi suna jibga huhunan goro, a cika mota har ta yi tozo, a tamke da igiya, sa'an nan fasinja su hau bisa su zauna. Bai taɓa jin an ce mota ta cika ba. Abin da ya saba ji a bakin 'yan kamasho shi ne, a matsa, akwai wuri. Da wannan karatu ya girma, da shi ya ƙetare teku, shi ne kuma ya kusa hallaka shi da iyalinsa a wani gangare cikin watan Yuli na 2021.

Kafin a kai ga gangaren, ya kamata mai karatu ya san wata al'ada ta mutanen ƙasar. Idan bazara ta yi aka ba yara hutu, Ba'amurke yakan so ya bar gari ya nufi daji ko bakin tafki ya kwana biyu. Maimakon ya kama ɗaki a otal, sai ya jawo ɗakinsa tun daga gida. Ɗaki ne sosai aka gina bisa tayoyi, da gadaje, da murhun gas, da firji, da makewayi, da tankin ruwa. Ba shi da inji, sai an sarƙafa wuyansa a wata ƙugiyar ƙarfe da ke bayan mota an ja. Wannan ita ce tirelar kwana. Yawancinsu a garin Elkhart na Jihar Indiyana da kewayensa ake ƙera su. A 2021, bayan annobar korona ta sa mutane gudun otal da jirgin sama, masana'antun ƙasar sun fitar da motocin kwana da tirelolin kwana fiye da 600,000, adadin da ba a taɓa kaiwa ba kafin wannan shekara. Kowane lungu ka duba a unguwarsu mutumin nan, ga tirela a ƙofar gida. 'Ya'yansa suka dame shi da magana, shi kuma zuciyarsa ta raya masa cewa abin da maƙwabci ya yi ba zai gagare shi ba.

Yana da a-kori-kura ƙirar Toyota Tacoma, fitowar 2019, mai ƙofa huɗu da silinda shida. Wanda ya san Hilux ya san danginta, domin kamfanin Toyota ya fara ƙera Hilux a 1968, a 1995 kuma ya maye gurbinta da Tacoma a kasuwar Amurka. A wurin Amurkawa matsakaiciya ce, ba ta kai manyan da ake ji da su ba irin su Ford F-150 ko Toyota Tundra. A wurin mutumin Shagamu kuwa giwa ce. Littafin motar ya ce tana iya jan laba 6,400, watau kimanin kilo 2,900. Ya tafi wurin wani dillali ya ga tirela mai gadaje biyar, aka ce nauyinta kilo 1,900. Ya ɗebe wannan daga wancan, ya ga saura kilo dubu cur. Ya yi murmushi, ya sa hannu a takardar bashi, aka ba shi makulli.

Ashe lissafin dokin Rano ya yi. Da farko dai, nauyin da dillali ya faɗa na tirela ce tsurarta kamar yadda ta fito daga masana'anta, ba ruwa, ba gas, ba ko cokali a ciki. Ruwa kuwa kowace lita kilo guda ce, tankin lita 150 in ya cika ya zama buhun siminti uku ke nan. Ga tukwanen gas, ga batir, ga abinci, ga tufafi, ga tarkacen yara. Na biyu kuma, wanda ya fi muhimmanci, mota lamba biyu gare ta. Akwai lambar abin da za ta ja, ita ce babba, ita ake bugawa a talla. Akwai lambar abin da za ta ɗauka a kanta, ita ce ƙarama, tana rubuce a wata 'yar takarda da aka liƙa a bakin ƙofar direba, inda ido ba ya cika kaiwa. Mutumin nan ya shekara biyu yana buɗe wannan ƙofa safe da yamma, bai taɓa sunkuyawa ya karanta ba.

Ba a ce babbar lambar ƙarya ce ba. Ƙungiyar injiniyoyin mota ta Amurka tana da ƙa'idar gwaji mai lamba J2807, wadda manyan kamfanoni ke bi. Cikin gwajin har da hawa wani tudu mai nisan mil goma sha ɗaya da 'yan kai kusa da madatsar ruwan Davis a Jihar Arizona, cikin zafin da bai gaza digiri 38 ba, da na'urar sanyaya mota a kunne. Sai dai fa a lissafin mutum biyu kaɗai ake sawa cikin motar, kowannensu kilo 68, bodin kuma fayau. Ba a san da uwargida da 'ya'ya uku da janareto ba.

Ranar tafiya, bayan sallar asuba, aka shiga lodi. Niyyarsu su bi babbar hanya mai lamba 70 su ƙetare duwatsun Roki su kai garin Moab na Jihar Yuta, su ga jajayen duwatsun nan da ake ba da labari. Aka cika tanki. Aka sa shinkafa da tukwane da jarkokin ruwan sha a ma'ajiyar gaban tirela. Aka loda janareto da itacen hura wuta da kekunan yara a bodin mota. Da aka sauke wuyan tirela bisa ƙugiya sai bayan motar ya durƙusa, gabanta ya ɗaga sama kamar raƙumi zai tashi.

Uwargida ta tsaya ta duba, ta ce, "Malam, anya motar nan ba ta ji kaya ba? Dubi yadda ta zauna."

Ya yi dariya ya ce, "Haba, Hajiya! Ɗan direba kike faɗa wa lodi? Ba ni minti goma."

Ya tuna yadda ake daidaita mangala a bayan jaki, in ta rinjaya dama a ƙara wa hagu. Sai ya kwashe jarkokin ruwa da shinkafa daga gaban tirela, ya haɗa da janareto, ya kai su can ƙuryar baya, ya ɗaure kekuna a ƙeyarta. Nan da nan wuyan tirela ya yi sauƙi, bayan mota ya miƙe, kome ya yi daidai a ido. Ya karkaɗe hannu ya dubi matarsa, ita kuwa ta yi shiru, ta ce Allah ya kiyaye hanya.

Abin da bai sani ba shi ne, wannan nauyin da ya raba wuyan tirela da shi, shi ne linzaminta. Masana harkar sun daidaita a kan cewa kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirela ya kamata ya danne ƙugiya, kuma yawancin kaya su zauna gaban tayoyinta. Idan nauyi ya koma bayan tayoyi, tirela takan zama kamar lilo. Muddin ana tafiya a hankali ba za a ga kome ba. Amma akwai wani gudu da in an kai shi, ƙaramin abu ya ishe ta, ko iska, ko ɗan murɗa sitiyari, sai ta soma kaɗawa dama da hagu, kowace kaɗawa ta fi ta baya faɗi, har ta fizge bayan motar ta juya ta. Motocin zamani irin tasa suna da na'urar da ke ƙoƙarin kwantar da wannan lilo, amma na'ura ba ta sauka ta gyara lodin da aka karkata.

Daga Denver zuwa ƙololuwar hanyar kimanin mil 60 ne, kusan duk hawa. Shi kansa birnin yana bisa tudu mai tsawon ƙafa 5,280 daga teku. A can sama an huda dutse an ratsa da hanya, ramin da aka sa wa sunan Shugaba Eisenhower, wanda aka buɗe ɓangarensa na farko a 1973, na biyu a 1979. Bakinsa na yamma yana kan ƙafa 11,158. Iskar wurin ba ta da kauri, inji irin na motarsa yakan rasa kusan kashi uku cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace ƙafa dubu, watau kafin a kai sama sulusin ƙarfin ya tafi. Motar ta yi ta gurnani, allurar mai tana sauka ana kallo, amma ta hau. Da suka shiga ramin yara suka yi ta sowa, shi kuma ya bugi sitiyari ya ce, "Kun gani ko? Na faɗa muku giwa ce." Ya manta ganin Dala ba shiga birni ba ne.

Ana fita ramin hanya ta sunkuya. Gangare ne na kimanin mil bakwai zuwa garin Silverthorne, a kowace ƙafa ɗari ana sauka ƙafa bakwai. Saboda hatsarinsa har an yi wasu hanyoyi na tsakuwa a gefe, masu hawa tudu, domin babbar motar da birkinta ya ƙone ta afka ciki ta tsaya. Manyan motoci suna ta rarrafe a hannun dama cikin ƙaramar giya. Shi kuwa ya bar tasa cikin babbar giya, tirela tana ingiza shi daga baya, allurar gudu tana hawa ba tare da ya taɓa totur ba. Ya tarar da wata gingimari a gabansa, ya murɗa hagu zai wuce ta, gudunsa ya haura mil 65. Yana shan kanta sai iska ta bugi gefen tirelar.

Da farko ji ya yi kamar wani ya ja bayan motar da hannu. Ya dubi madubin hagu ya ga gefen tirela duka, ya dubi na dama ya sake ganinta. Ta tafi, ta dawo, ta tafi, ta dawo, tayoyi suna ƙara. Sowar yara ta koma kuka. Uwargida ta riƙe kujera tana ta "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Ƙafarsa ta tashi za ta danne birki, wanda kuwa da ya yi haka da ƙarfi da tirelar ta naɗo ta haɗu da motar, domin mota za ta rage gudu ne alhali abin da ke bayanta bai rage ba. Cikin ikon Allah sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan akwati ƙarƙashin sitiyari. Dokar Kolorado ta wajabta wa tirela mai nauyin laba 3,000 ko fiye ta kasance da birkinta, saboda haka bakanike ya liƙa masa wannan akwati mai aika wa birkin tirela wutar lantarki, har ya nuna masa wani ɗan hannu da ake matsawa a kama birkin tirela ita kaɗai. Ran nan da rabin kunne ya saurara. Ya riƙe sitiyari sambal da hannun hagu, ya miƙa na dama ya matsa ɗan hannun nan. Tirela ta ja baya kamar an ja wa doki linzami, kaɗawar ta ragu, ta sake raguwa, ta miƙe. Ya sauko da giya, ya koma hannun dama ya bi sahun gingimarin da ya raina. Duka abin bai fi daƙiƙa goma ba. Har suka kai ƙasa ba wanda ya ce uffan.

A wani gidan mai a Silverthorne ya tsaya. Ya fito, gwiwoyinsa suka ƙi ɗaukarsa, ya zauna a bakin dakali. Sai ga wani tsoho Bature ya faka a gefensa, ya ce yana bayansu ya ga duk abin da ya faru, shi ma tsohon direban babbar mota ne. Bai yi masa faɗa ba. Ya zaga tirelar, ya leƙa ciki, ya ga janareto da jarkoki a ƙurya, ya girgiza kai. Sa'an nan ya buɗe ƙofar direba ya nuna 'yar takardar nan ya ce, "Samari, karanta mini wannan." Mutumin ya sunkuya ya karanta: mutane da kaya gaba ɗaya kada su wuce kimanin kilo 500. Tsohon ya ce, "To, nauyin wuyan tirela a cikin wannan yake, kai da iyalinka ma a ciki kuke." Ya taya shi mai da kaya gaban tayoyi, suka zubar da ruwan tanki, suka bar itacen nan ga wani mai so. Ya ce masa ya sauka kowane gangare da ƙaramar giya, kada ya ɗora ƙafa bisa birki ya bar ta, ya riƙa dannawa yana saki don kada ya yi zafi, kada kuma ya wuce mil 55.

Ba su kai Yuta ba. A wani zango bakin tafkin Dillon, nan kusa, suka kwana. Yara suka manta, suka shiga wasa da jifa cikin ruwa. Shi kuwa barci ya ƙaurace masa. Ya kwana yana jin numfashin 'ya'yansa uku a kan gadajen nan da ya ci bashi ya saya, yana tuna dariyar da ya yi wa matarsa da safe. Da gari ya waye ya ce, "Hajiya, ki yafe mini. Ke kika ga daidai." Ta ce, "Allah ya yafe mana duka, Malam. Mu dai koma gida." Suka koma a hankali, motoci suna wuce su, bai damu ba.

Bayan mako guda ya mai da kome yadda aka fara loda shi ranar tafiya, ya ɗebi iyalin ya kai sikelin manyan motoci a wani gidan mai. Aka auna da tirela, aka kwance ta aka sake aunawa. Tirela da kayanta kilo 2,400, ba ta kai iyakar ja ba. Amma wuyanta ya danne motar da kilo 290. Shi da iyalinsa kilo 285, ƙugiya kilo 20, kayan bodi kilo 120. Jimla kilo 715, a kan motar da aka ce kada ta wuce 500. A nan ya gane tarkon da ya shiga. In ya bar nauyi a gaba, mota ta yi lodin wuce kima, tayoyin gaba masu juya ta su yi sako-sako a ƙasa. In ya mai da shi baya, lilo ya dawo. Wani abokin aikinsa ya ba shi shawarar ƙugiya mai sandunan ƙarfe, wadda ke rarraba nauyi ta tura wani zuwa tayoyin gaba, wani zuwa na tirela. Abu ne mai amfani ƙwarai, amma ba ya canja abin da ke rubuce a bakin ƙofa. Ko dai ya sayi babbar mota, wadda ba shi da halinta, ko ya rage buri.

Ya sayar da tirelar da faɗuwa, faɗuwar da ya shekara biyu yana biya. Ya sayi ƙarama, gajera, wadda da kayanta duka ba ta wuce kilo 1,400 ba, wuyanta kilo 170. Manyan yaran biyu a tanti suke kwana gefenta. Sun yi fushi, maƙwabta kuma sun yi tambaya, ya ce musu iya ruwa fid da kai. Ratar da ta rage masa kilo 25 ce kacal, yara kuwa girma suke yi, saboda haka kowace bazara sai ya koma sikeli kafin ya kama hanya.

Ya daɗe yana jin nauyin gaya wa mahaifinsa, don yana zaton tsohon zai yi dariya ya ce ɗan direba ya ji tsoron 'yar tirela. Ran nan dai ya buga waya Shagamu, bayan gaisuwa ya kwashe labari duka ya faɗa. Tsohon ya yi shiru har ya zaci waya ta katse.

Can ya ce, "Kai yaro, wa ya gaya maka haka nake lodi?"

Ya ce, "Baba, ai da idona na gani. Mota har ta yi tozo."

Tsohon ya ce, "Ka ga na rana, ba ka ga na dare ba, domin lokacin kana barci. In 'yan lodi sun gama, ni da yaron mota mukan zaga da fitila. In duba sifirin, in bubbuga kowace taya, in gwada birki. Sau nawa na sa aka sauke huhu goma, mai kaya yana zagina, 'yan kamasho suna ce mini matsoraci? Na sha bin Hawan Kibo in an ba ni lodin Jos. Giyar da na hau da ita, da ita nake sauka. Waɗanda suka yi mini dariya a tasha, da yawansu ni na taya ɗaukar gawarsu. Kowane sakarai yana iya taka totur mota ta tafi. A birki ake gane direba. Da ka tambaye ni tun farko, da na faɗa maka."

Mutumin nan ya kasa cewa kome sai, "Na ji, Baba. Allah ya ƙara girma."

Ashe rabin gado ya ɗauko daga tashar Shagamu, ya bar rabin da ya fi amfani. Ba shi kaɗai ba ne kuwa. Duk wanda ya bi hanyoyin Nijeriya ranar kasuwa ya ga Hilux da aka yi wa lodin buhuna har bayanta yana neman shafar kwalta, mutane goma sha suna zaune bisa, wani lokaci har da injin niƙa ko tankin ruwa ɗaure a baya. In ka yi magana direba ya ce ai tana ja. Gaskiya ne, tana ja. Ita ma Tacoma ta ja kayanta har ƙafa 11,158 ba ta tsaya ba. Amma kowane hawa yana da gangarensa, kuma waɗanda ke zaune a baya ba a shawarce su ba sa'ad da ake lodi.

A bazarar 2022 mutumin nan ya sake bin hanyar, da ƙaramar tirelarsa. Da suka fito ramin Eisenhower ya sauko da giya tun kafin hanya ta sunkuya, ya shiga sahun manyan motoci a hannun dama. Autarsa ta ce, "Baba, kowa yana wuce mu." Ya ce, "Bar su, 'yar Baba. Sannu ba ta hana zuwa." Da la'asar sakaliya suka isa Moab, suka ga jajayen duwatsu, suka yi sallar magariba a gindinsu su biyar cif, ba wanda ya ragu.

Allah ya kiyaye matafiya a duk inda suke, ya kai kowa gida lafiya, amin.